Zangarniyar Baba a Plumstead

Ni 'yar manomi ce, kuma ban taɓa ɓoyewa ba, ko a Landan inda wasu matan ma'aikata suke yi kamar ba su taɓa riƙe fartanya ba. Shi ya sa ranar da maigidana ya dawo da labarin cewa kansul, wato hukumar gari, tana ba da 'yan filayen noma a kan tudun da ke bayan unguwarmu a Plumstead, ban bar shi ya cire kwat ba sai da ya koma ya sa sunanmu. Malam Almu ɗan cikin birnin Kano ne. Gwamnati ce ta turo shi karatun aikin tarho a shekarun nan da kuɗin mai suka yi yawa har aka rasa inda za a kai su, ni kuma aka ɗauko ni daga ƙauyenmu da ke arewa da Katsina, wata huɗu da ɗaurin aure, aka haɗa shi da ni kamar akwati. Mutum ne mai haƙuri, Allah ya sani, amma ba ya bambance dawa da gero sai sun zama tuwo, nan ma sai ya tambaya.

Gona dai sunanta gona. Da Babana zai gan ta, cewa zai yi wurin shanyar barkono ne. Taku talatin a tsaye, goma a kwance, da 'yar rumfar katako a ƙarshe inda muke ajiye kayan aiki. Amma tamu ce. A shekarar farko na ci alayyafo da albasa da dankalin Turawa daga cikinta, na kuma raba wa maƙwabta. Kullum da safe idan Malam ya kama jirgin ƙasa ya tafi makaranta, sai in goya Zinatu, wadda a lokacin ba ta cika shekara biyu ba, in hau tudun nan ina haki, Turawa suna leƙo goyon ta taga kamar na ɗauko wani abin mamaki.

Sunan maƙwabciyata a gona Jane. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu ya bar mata filin da wata tsohuwar hula da ba ta rabuwa da ita. Turancina a lokacin bai fi na sayen burodi ba, ita kuma ko sannu ba ta sani ba, amma mun fahimci juna da nuni da dariya. Ita ta koya mini cewa itatuwan garin ba mutuwa suke yi da sanyi ba. A sanyin farko da na yi a can, har tausayin mutanen nake ji, ina ce wa Malam wace irin annoba ce ta kashe musu itatuwa gaba ɗaya ba wanda ya damu. Ashe barci suke yi.

Idan watan Maris ya kama sai su fara farkawa. Za ka ga bakin kowane reshe ya kumbura, bayan kwana biyu ya tsage, wani ɗan kore ya leƙo. Wasu ma fure suke fara yi kafin ganye, fari ko ruwan hoda, iska ta kaɗo shi ya cika hanya. A gindin shinge wasu furanni masu launin ƙwanduwa suke fitowa ba wanda ya shuka su. Ƙasar kuwa baƙa ce, mai nauyi, kowane sara ka yi sai ka ga tana uku ko huɗu suna murɗawa. Akwai wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji, marar kunya, da yake zuwa ya tsaya a kan ƙotar fartanyata yana jiran in juya masa ƙasa. Ban taɓa ganin tsuntsun da bai san mutum abin tsoro ba ne sai shi. Zinatu takan miƙa masa hannu daga bayana tana kiransa kaza.

A irin wannan lokacin, cikin shekarar alif ɗari tara da saba'in da biyar, wasiƙa ta zo daga gida. Ƙanena Uwaisu, malamin firamare, shi yake rubuta wa Baba. Bayan gaisuwa da lissafin waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu, sai maganar ta fito: sunkuyau ta ƙare.

Sunkuyau dawar gidanmu ce. Kanta ba ya tsayawa sama kamar na sauran dawa, lanƙwasowa yake yi ya kalli ƙasa, shi ya sa ake kiranta haka. Kakan Baba ne ya zo da ita, kuma ban taɓa ganinta a gonar wani gari ba. Karanta dogo ne mai ƙwari, da shi ake yin darnin gidanmu, tuwonta kuma yana kwana ya wayi gari da daɗinsa. A shekarar farin nan, in ji wasiƙar, Baba ya shuka ta sau uku, sau uku tana tsirowa rana tana ƙone ta. Ɗan abin da ya rage a rumbu yunwa ta sa aka ci. Da ruwa ya dawo, ya taka kasuwanni har tsallaken iyaka, inda muke kira ƙasar Faransa, yana buɗe buhunan mutane, bai samu ko ƙwaya ɗaya ba. Ya shuka irin da gwamnati ta raba, an ci an gode Allah, amma ya ce ba tasa ba ce.

A gidanmu duk 'yar da za a kai ɗakin miji, Baba yakan zaɓi zangarniyar sunkuyau guda, mafi kyau, ya sa a ƙasan akwatinta. Ba don ci ba, don dai ta tafi da wani abu na gonar ubanta. Yayyena biyu sun jiƙa nasu sun yi wa 'ya'yansu kunu a shekarar yunwa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Saura tawa. Ƙarshen wasiƙar da bakin Baba aka rubuta shi, domin shi kaɗai yake kirana Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini: "Uwata, idan zangarniyar nan tana nan, ki aiko mini da ita kafin ruwa ya sauka."

Tana nan. Na zazzage akwati na same ta a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Na shimfiɗa faifai a tsakar ɗaki na murje ta da tafin hannu, sai ga gari yana zuba tare da ƙwayar. Ƙwari sun shekara uku suna cin amanata ban sani ba. Na zauna na tsince ta ɗaya bayan ɗaya, ina ware masu huji, har idona ya yi ruwa. Masu lafiyar ba su cika kwalin ashana ba.

Hanyar aikawa kuwa a buɗe take. Akwai wani bawan Allah, Katung, mutumin kudancin Zariya, direba a ofishin jakadancinmu da ke wajen Charing Cross, da yake zuwa gidanmu cin tuwo ranar Asabar. Zai tafi hutu gida a ƙarshen watan, har ya yanki tikitin jirgi, kuma ya ce ko ƙarshen duniya ne zai kai saƙon. Malam ya ce shi ke nan, a ɗaure kwalin a ba shi.

Ni ce na ce a'a.

Wanda bai ga fari ba ba zai gane ni ba, kuma ba na neman ya gane. Kafin in bar gida na ga Baba yana fitowa tsakar gida kowace la'asar ya tsaya yana kallon gabas, ya daɗe, ya koma ɗaki. Tun daga nan, a kaina, noma ruwa ne, ba wani abu ba. To ga ni a garin da ruwa ba ya yin mako bai sauka ba, garin da ake zagin ruwan sama kamar ɓarawo. Na ce in aika wannan ɗan abin can, damina ta sake yin gardama, shi ke nan an rufe littafin sunkuyau. Amma in na shuka ta a nan, cikin wannan baƙar ƙasa mai tana, kowace ƙwaya za ta ba ni zangarniya, da kaka in aika wa Baba mudu biyu ko uku, ya shuka ya kuma ajiye. Kuma ba zan yi ƙarya ba, akwai son a ce ni, Luba, ni na yi.

Malam ya ce to a raba biyu, rabi can rabi nan. Na ce masa rabin kwalin ashana ba saƙon da 'ya za ta aika wa ubanta ba ne daga Ingila, kuma mutumin da bai san ranar da ake huɗa ba ya bar maganar iri ga masu ita. Ya ɗauki jaridarsa ya buɗe. Haka yake yi idan na ɗaga murya, ni kuma a lokacin ɗauka nake yi na ci gardama. Katung ya tafi da rediyo da rigar sanyi da saƙon baki cewa iri yana nan lafiya, ana ninka shi, zai zo da kaka.

Na gyara wuri mafi kyau a gonar, inda rana take fara faɗowa. Na tura taki a baro daga wata bargar dawaki da ke gangaren tudun, na yi kunyoyi irin na gida, Jane tana kallo tana gyara hula. Cikin Afrilu aka yi kwana biyar ana rana mai daɗi, har Turawa suka fara tuɓe riguna suna kwanciya a ciyawa kamar ƙadangaru. Ranar Juma'a da yamma hadari ya haɗu, aka yi ruwa mai ƙarfi har da tsawa. Da na buɗe taga na ji ƙamshin ƙasa, wallahi sai murna ta kama ni. A garinmu wannan shi ne ruwan shuka, kuma ba a kwana biyu a kansa.

Washegari na tasa Malam a gaba. Yana tafe yana sara da fartanya, ramukansa a karkace kamar tafiyar mashayi, ina biye ina jefa ƙwaya uku-uku ina rufewa da diddige. Na cire takalmi, domin ban san yadda ake shuka da takalmi ba. Sanyin ƙasar ya ratsa diddigena ya hau har gwiwa. Ƙafata ta gaya mini gaskiya tun a ramin farko, na ƙi saurarenta. Jane ta ƙetaro, ta tsuguna ta tura hannu cikin ƙasar, ta girgiza kai. Ta nuna mini shingen ƙaya da ya kewaye gonakin, ta ce wa Malam ya gaya mini duk abin da ya fito daga ƙasar zafi ba a sa shi a ƙasa sai wannan shingen ya yi farin fure. Na ce ya gaya mata na gode, amma dawa ba tumatir ba ce. Ban sani ba ko ya fassara duka. Abin kirki ɗaya da na yi ranar shi ne na rage kashi ɗaya cikin uku a kwalin, shi ma don kunyoyin sun ƙare ne.

A gida kwana huɗu dawa take yi ta huda ƙasa. Na ba ta mako. Ranar ta ɓace, aka koma yayyafi da iska mai shiga ƙashi. Kullum ina hawa tudun, in tsuguna in bi kunya-kunya da ido. Komai yana fitowa ban da abin da na shuka. Ciyawa ta fito, dankalin Jane ya fito, wake na Turawa ya kama sanda yana hawa. Wani baƙin tsuntsu mai rawayen baki ya yi sheƙa a bayan rumfarmu, na ga ƙwai huɗu shuɗaye, na ga sun ƙyanƙyashe, duk ina jiran dawa. A kwana na goma sha shida na kasa haƙuri na tona rami ɗaya da yatsa. Ƙwayar ta kumbura ta yi laushi, na matsa ta fashe, tana warin tsami kamar gasarar da ta kwana uku. Na tona na biyu, na tona na goma.

Guda goma sha ɗaya ne suka fito daga baya, rawaye, sirara, kamar ba su so. Wasu manyan kurciyoyi masu ƙiba kamar kaji suka tsinke rabi. Sauran kuma wani abu mai kama da dodon koɗi marar gida ya bi su ya lashe, ya bar mini sawunsa yana ƙyalli a kan kunya. Na zauna a bakin rumfa na yi kuka sosai, Zinatu tana shafa mini fuska da hannu duk ƙasa.

Da na koma gida na ƙirga abin da ya rage: saba'in da huɗu. Malam ya zo ya zauna kusa da ni, ya yi magana a hankali kamar mai lallashin mara lafiya. Ya ce har yanzu ruwa bai sauka a gida ba, wasiƙar jirgin sama kwana goma take yi, a zuba su a ambulan gobe da safe. Na ce gidan waya ɓatar da kaya suke yi. Ya ce za a yi rajista. Na ce ƙwaya saba'in, da wane ido zan aika, bayan na ce mudu? Gaskiyar ita ce, aika su yana nufin in rubuta da hannuna cewa na kashe sauran, kuma ban iya ba. Na fi son in sake gwadawa in rufe ɓarnar kafin kowa ya ji.

A wannan karon na saurari Jane. Ta kawo mini buhun wata ƙasa mai laushi, ta ce in shuka a gwangwani a cikin ɗaki inda akwai ɗumi, in ya so daga baya a dasa. Dashe ba baƙon abu ba ne a wurina, muna yi a gida inda shuka ta yi giɓi. Na tara gwangwanayen madara, Malam ya huda musu gindi da ƙusa, wannan kam ya iya. Muka jera su a kan tagar ɗakin girki da ta falo, muka matso da hita kusa. Kwana shida, ina wanke-wanke, na ɗaga kai na ga wani ɗan tsinke kore ya naɗe kamar allura. Na saki kwanon da ke hannuna.

Talatin da ɗaya suka tsiro. Na san kowanne. Da safe sukan karkata wajen gilashi suna neman rana, in bi in juya gwangwanayen, da yamma sun sake karkatawa. Na hana buɗe taga, na hana Malam shan sigarinsa a falo. Ranar ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, lokutan salla duk sun rikice mana, amma ni murna nake yi, ina cewa ga ruwa ga doguwar rana, me kuma dawa take nema.

Ana cikin haka Katung ya dawo. Ashe bai tsaya a Katsina ya ba da saƙo ba, motar kasuwa ya hau har ƙauyenmu. Ya ce an karɓe shi kamar ɗan gida, an yanka masa zabo. Ya ce Baba ya rame amma yana tafiya da ƙafarsa. Yana ta juya cokali a cikin shayi, sannan ya ce da aka gaya wa tsohon baƙo ya zo daga Landan, ya fito da ɗan ƙoƙo a hannu, wankakke, da toka a ciki ta ajiyar iri. Sai aka gaya masa saƙon. Na tambayi Katung me Baba ya ce.

"Cewa ya yi, 'Uwata ta fi ni sanin ƙasar da take.' Sai ya mayar da ƙoƙon ɗaki."

Na tashi na shiga ɗakin girki na tsaya a gaban gwangwanayen har shayin ya huce.

A makon ƙarshe na Mayu shingen ƙaya ya yi fari fat, ƙamshinsa har yana hawa kai, ƙudan zuma suna ta kai da kawowa. Jane ta duba shingen, ta duba sama, ta ce yanzu kam babu komai. Ranar da aka yi yayyafi muka kwashe gwangwanayen a cikin keken turin Zinatu, sawu uku, na dasa su ɗaya-ɗaya, kowanne da ganye huɗu, wasu biyar. Na kewaye su da toka saboda masu lasar nan, na ja zare a sama na rataya tsummoki saboda kurciyoyi. Jane ta taya ni, sannan ta ce za ta tafi wurin 'yarta a bakin teku ta yi kwana goma. Da na tsaya a ƙarshen kunya na ga iska tana kaɗa su, na ji ƙarar nan ta ganyen dawa, 'yar ƙarama dai, amma ita ce. Rabona da jin ta shekara uku.

Sun yi kwana shida a ƙasa, har sun fara miƙewa. Sai ranar Litinin, farkon Yuni, gari ya tashi da wata irin iska daga arewa. Kafin azahar ina shanya a bayan gida na ga wani farin abu yana saukowa tare da ruwa yana narkewa a kan zanen gado. Dusar ƙanƙara, a watan shida. Matar gidan da ke kusa da mu ta fito tana dariya tana cewa ba ta taɓa gani ba tun da aka haife ta. Na goya Zinatu na ruga tudun. Suna nan a tsaye, jiƙaƙƙu, ba abin da ya same su. Kafin la'asar girgijen ya yaye, sama ta yi tas, shuɗiya, iska ta kwanta. Na ce alhamdu lillahi, an wuce wurin, gobe rana za ta gasa su su warware. A garinmu sama mai haske zafi take kawowa. Na ga wani tsoho a can gefe yana lulluɓe wakensa da jaridu yana danne su da duwatsu, har na yi masa dariya a raina, na ce ruwan ya wuce, Baba, yanzu kake neman laima. Akwai jaridu cike da rumfarmu, Malam yake tara su. Na ja ƙofar na tafi gida na ɗora tuwo.

Da safe da na fito, gilashin motocin da ke kan titi duk sun yi fari. Ban goya Zinatu ba, na bar ta wurin ubanta na hau tudun da gudu. Ciyawa tana ƙara a ƙarƙashin takalmina. Raɓa ce ta daskare a kan komai. Dawar tana tsaye, kowane ganye da farin gefe, kyakkyawa, har na ce ko ta tsira. Sai rana ta fito ta taɓa su. Ina tsaye ina kallo suka canza launi, suka yi duhu kamar alayyafon da aka tafasa, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya a kan kunya.

Ban yarda ba. Na ga dawar da akuya ta cinye har ƙasa ta sake tohowa, don haka na ci gaba da zuwa ina dubawa. Kuma abin da ya fi ci mini rai, kafin makon ya ƙare aka buɗe wata rana mai zafi irin ta gida, wadda ta yi wata da watanni ana yi. Da sun ƙara kwana goma a taga, da sun same ta. A kwana na takwas na ja guda ɗaya, ta zare ba gardama, gindin ya ruɓe. Na bi sauran talatin ɗin haka. Da Jane ta dawo ta tsaya a bakin kunyoyin, ta cire hular nan da ban taɓa ganin ta cire ba, ta ce laifinta ne. Na ce wa Malam ya gaya mata ba nata ba ne, kuma a wannan karon na tabbatar ya fassara.

Malam, don tausayi, ya ce akwai wani kanti a Deptford da ake sayar da dawa, a saya mudu biyu a aika, ido ya riga ya fara yi wa tsoho nauyi. Na ce masa Baba ko a cikin duhu aka sa masa ƙwaya ɗaya a tafin hannu zai gaya maka gonar da ta fito. Ban yi masa faɗa ba. Faɗan ya ƙare mini.

Na rubuta wasiƙar da kaina, da ɗan bokon da nake da shi. Ban ɓoye komai ba: yadda Malam ya ce a aika na ƙi, yadda ya ce a raba na ƙi, yadda ya ce a sa a ambulan na ƙi, har jaridun da ke cikin rumfa. Na roƙi gafara. Na shirya wa fushi, wallahi har so nake ya zo, domin na san yadda ake ɗaukar faɗa.

Amsa ta zo bayan mako biyar, ana tsakiyar zafi. Uwaisu ya ce damina ta yi kyau bana, rabon da a ga irinta an daɗe, duk abin da aka jefa a ƙasa ya kama. Na karanta wannan layin sau biyu. Sannan maganar Baba, gajeriya. Ya ce ya ji, Allah ya ba da ladan wahala, kada in sa abin a raina, kuma in gaishe da tsohuwar da ta taimake ni. Daga nan ya ce:

"Amma Uwata, ki aiko mini da busasshen kan da kika murje. Hannu ba ya taɓa murje zangarniya tas. In aka duba can cikin gindinta ba a rasa ƙwaya biyu ko uku da suka maƙale. Ko ɗaya ce ta ishe ni."

Na zauna a kan matakalar bene da takardar a hannu. Gaskiya ya faɗa, akwai su. Na gan su a ranar da na murje ta, uku ko huɗu, ƙanana, sun shige can cikin ƙaiƙayi, na ce waɗannan ba su kai a wahala a kansu ba, ga na cikin kwali. Na tattara kan da garin ƙwarin da ɗankwalin, na kai bayan gida na zuba a garwar shara, domin mai gidan da muke haya ba ya son ganin datti. Motar shara ranar Talata take zuwa, kuma an yi Talata goma sha bakwai tun daga ranar.

Duk da haka na tashi na zagaya bayan gidan, na ɗaga murfin garwar na duba.